Takarda Ɗaya, Gyara Uku: Abin Da Gasar 1933 Ta Koya Mini

Gabatarwa

A hutun da ya wuce ina kakkaɓe akwatin littattafaina, sai na ci karo da wata takarda da na rubuta tun ina aji ɗaya a jami'a. Sharhi ne a kan littafin Ruwan Bagaja, shafi huɗu, da rubutun hannu. Jan biron malaminmu ya bi ta ko'ina, kai ka ce kaza aka yanka a kanta. Na zauna na karanta, kunya ta rufe ni, daga baya kuma dariya ta kama ni. Wannan takarda sau uku ina rubuta ta a cikin shekara uku, kuma kowane karo abin da na faɗa ya saɓa wa na baya.

To, da shugabannin ƙungiyarmu suka nemi in kawo wani abu don wannan fitowa ta mujalla, sai na ga ba abin da ya fi in ba da tarihin da ya sa na yi ta canza magana, wato tarihin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, haɗe da kurakuran da na tafka kafin in san shi. Wataƙila ƙannenmu da ke aji ɗaya yanzu su kauce wa ramin da na faɗa, tun da an ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Rubutu Na Farko

Aikin da aka ba mu shi ne mu yi bayanin jigo da salon Ruwan Bagaja. Ni kuwa a lokacin abin da na sani game da littafin bai wuce abin da na tuna daga sakandare ba. Saboda haka shafi uku daga cikin huɗun duk labarin na sake bayarwa: yadda Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan Bagaja don ya wanke Liman, mijin uwarsa, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada, da yadda ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa na ɗana wa ɗan'uwansa tarko. A shafi na huɗu na yanke hukunci. Na ce littafin tsantsar tatsuniyar Hausa ce irin wadda kakanninmu ke yi mana da dare, ba abin da marubucin ya ɗauko daga waje. Na kuma ƙara da cewa kafin zuwan Turawa Bahaushe bai san rubutu ba.

A gefen wannan jimla ta ƙarshe Malam ya ja layi biyu, ya rubuta: "Wa ya gaya maka?" A ƙasan takardar kuma ya rubuta: "Labarin na sani. Kai me ka gani a cikinsa?"

Na ji haushi ƙwarai, don a ganina na yi ƙoƙari, kuma na yabi Hausa. Da na same shi a ofis na ce, "Malam, ai kare martabar harshenmu na yi." Ya ce, "Ka ce mutanenka ba su iya rubutu ba, sa'an nan ka ce martabarsu ka kare? Je ka ɗakin karatu ka nemi Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya. In ka gama ka dawo."

Abin Da Ke Akwai Kafin Gasar

Wannan littafi, wanda aka buga a 1988, shi ya fara buɗe mini ido. Ashe tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa malamai na rubutu iri biyu. Abin da ya shafi fiƙihu da tarihi da wasiƙun sarakuna yawanci da Larabci ake yin sa, kamar Infaƙul Maisuri wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. Abin da kuwa ake so ya kai kunnen talaka, wa'azi ne ko madahu ko koyar da ibada, sai a tsara shi a waƙe da Hausa ko Fulatanci, a rubuta da ajami. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, duk sun bar irin waɗannan waƙoƙi.

Abin da babu shi a wancan zamani shi ne malami ya zauna ya ƙaga labari da Hausa ya rubuta don nishaɗi kawai. Labarin ƙirƙira yana nan, amma a baka yake, a bakin tsofaffin mata da yara da dare, da kuma bakin fatake a zango. Waɗanda suka fara zuba shi a takarda da haruffan boko baƙi ne masu son koyon harshen. J. F. Schön ya fitar da Magana Hausa a 1885, Frank Edgar kuma ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, kuma malamai Hausawa ne suka rubuto masa mafi yawan abin da ke ciki da ajami.

Da makarantun boko suka fara kafuwa, tun daga wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai wata matsala ta ɓullo. An koya wa yara karatun boko, amma ba abin da za su karanta. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a Kano a 1929, daga baya ta koma Zariya. Aikinta shi ne juya littattafan Larabci da na Turanci zuwa Hausa, kuma daga nan ne Labarun Hausawa da Maƙwabtansu ya fito. A farkon shekarun 1930 aka ɗora Rupert East a kan wannan hukuma. Shi ne ya ga cewa fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba, sai an sami littattafan da Hausawa suka rubuta da kansu. A 1933 aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi, aka kuma shirya gasa.

Gasar Kanta

East bai zauna a Zariya yana jiran a aiko masa da rubutu ba. Sai da ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai yana yi musu bayanin irin littafin da ake nema. Shi da kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha, a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936. Babbar wahalar ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya dace da mai ilimi, alhali su a wurinsu wannan sha'anin mata da yara ne, kuma alƙalami ba a ɗauke shi don a rubuta abin da bai faru ba.

Littattafai biyar ne ake lasaftawa a matsayin 'ya'yan wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East ɗin suka rubuta tare.

Ya kamata mai karatu ya lura da su wane ne waɗannan mutane. Abubakar Imam an haife shi a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, kuma yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta littafinsa. Shekarunsa 22 ke nan, wato tsarana ne a yau. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne, kuma malamin makaranta a Bauci. Bello Kagara yayan Imam ne, malami a Katsina, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Su biyun 'ya'yan gidan malanta ne, sun tashi cikin littattafan Larabci kafin su san boko. Ke nan mutane ne masu ƙafa ɗaya a zaure, ɗaya a aji, kunnensu kuma cike da tatsuniyoyin gida. Duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane littattafansu ba. Ni kuwa ban riƙe ba, shi ya sa na sake faɗawa wani ramin.

Rubutu Na Biyu

A aji biyu aka ba mu damar mu ɗauko wani tsohon aiki mu gyara. Na ɗauko takardata da ƙarfin gwiwa, domin a tsakanin nan na tsinci wani abu da na ɗauka babbar ganima ce. Na karanta a rubuce-rubucen masana, irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, cewa Abubakar Imam ya amfana da littattafan wasu al'ummu. Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, yana ɗauke da labaran da asalinsu ke cikin Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa waɗanda 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tattara. Ruwan Bagaja kuwa, shi Imam da bakinsa ya faɗa cewa dabarar haɗa mutum biyu suna gasar wayo daga Muƙamar Hariri ya samo ta.

Su masanan sun faɗi wannan ne cikin natsuwa, don su nuna yadda labari ke ƙaura daga al'umma zuwa al'umma. Ni kuwa sai na ɗauke shi kamar yaro ya tsinci wuƙa. Na juya takardata gaba ɗaya. Wanda a bara na ce bai ɗauko komai daga waje ba, bana na ce ba abin da ya ƙaga, kwashe ya yi. Har kalmar "sata" na rubuta, kuma na ji daɗin kaina, ina ganin na zama mai sharhi marar tsoro.

Wannan karo Malam bai ja layi ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya ya rubuta a ƙarshe: "Ka karanta Muƙamar?"

Ban karanta ba. Ko ganin bangonta ban taɓa yi ba. Na tuhumi mutumin da ya rasu tun 1981, wanda ba ya nan balle ya kare kansa, da satar abin da ni kaina ban san kamanninsa ba. Wannan ya fi na farko yi mini ciwo, domin kuskuren farko jahilci ne, na biyu kuwa da zalunci a ciki.

Zaman Zaure

Da aka yi hutu na tafi wurin wani kawuna da ke ba da karatu a zaure a garinmu. Na ce, "Kawu, kana da Muƙama?" Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Yau kuma 'yan boko ne da neman Hariri?" Ya shiga ya fito da ita, ganyenta duk ya yi ja. Larabcina bai kai in karanta ta ni kaɗai ba, don haka kullum bayan la'asar sai ya karanta mini yana fassarawa, kamar yadda ake yi wa ɗalibai. Ba mu sauke ba, amma mun yi abin da ya ishe ni in gane inda na ɓata.

Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, kuma muƙamominsa 50 ne. A cikinsu Harisu ɗan Hammam ne mai ba da labari. Duk garin da ya je sai ya tarar da wani mai zaƙin baki ya tara jama'a yana karɓe musu kuɗi da fasahar magana, in ya duba da kyau sai ya ga ashe Abu Zaidu ne ya sake kama. To, a nan kamar take: mutum biyu, gari bayan gari, gamuwa bayan gamuwa. Amma bambancin da na gani ya fi kamar yawa.

Na farko, kowace muƙama zaman kanta take yi, ba wata bukata guda da ta ɗaure su. Imam kuwa ya zura duk gamuwar Alhaji da Zurƙe a zare ɗaya, wato neman ruwan magani don ɗan sarki, kuma wannan zaren irin na tatsuniya ne, inda yaro kan bar gida neman abin da ya gagari manya. Na biyu, Harisu yawanci ɗan kallo ne, wayon na Abu Zaidu ne. A Ruwan Bagaja kuwa mai ba da labarin shi ma gwanin makirci ne, in an cuce shi yau gobe ya rama. Na uku, gwanintar Hariri tana cikin tsauraran kalmomi da jimloli masu amsa-amo, har malamai kan karanta shi don koyon lugga. Imam kuwa da Hausar kasuwa da ta fada ya yi aiki, wadda yaron firamare zai karanta ya yi dariya, kuma alƙalai da sarakuna da 'yan kasuwar da ke cikin littafinsa namu ne, kowa ya san irinsu.

Da na faɗa wa kawu abin da na rubuta a kan Imam, sai ya ce, "Shi kansa Hariri ai bin sawun Hamazani ya yi, kuma bai ɓoye ba. Kai a ganinka magini shi ke halittar ƙasa?"

Rubutu Na Uku

A aji uku na sake zama a kan takardar, ba don an sa ni ba. Wannan karo na bar tambayar ko Imam ya ɗauko ko bai ɗauko ba, tun da shi da kansa ya riga ya amsa ta. Tambayar da na sa a gaba ita ce: me ya yi da abin da ya ɗauko, kuma me ya sa ya yi hakan a 1933?

Don in amsa, sai na karanta sauran littattafan gasar tare da nasa, kuma a nan na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Uku daga cikinsu tsari ɗaya suka bi wajen buɗe labari. Alhaji Imam yana zaune ne yana ba Koje Sarkin Labari da jama'a labarinsa. Ganɗoki yara ne suka kewaye shi yana ba su labarin yaƙe-yaƙensa. Shaihu Umar almajiransa ne suka tambaye shi asalinsa a Rauta, ya shiga faɗa musu. Wato dukkansu sun sa wani mutum ya zauna yana magana da baki a cikin littafin. A fahimtata dalilin bai rasa nasaba da abin da East ya koka a kai. Marubutan suna rubuta wa mutanen da suka saba jin labari daga bakin wani, ba daga takarda ba. Sai suka kawo mai ba da labarin da masu saurarensa suka zaunar da su a shafin farko, don mai karatu ya sami wurin zama a cikinsu.

Na kuma ga cewa kowane marubuci da rijiyar da ya ɗebo. Bello Kagara ya ɗebo daga tarihin da mutanen zamaninsa suka gani da idonsu, wato faɗuwar Kwantagora a hannun Turawa a 1901 da yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, sa'an nan ya wuce da jaruminsa ƙasashen aljannu. Tafawa Ɓalewa ya ɗebo daga zamanin bauta da fataucin hamada, ya ba mu uwa tana bin sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da bayi. Imam ya ɗebo daga zaure da kuma tatsuniya. Ba wanda ya fara daga babu, kuma ba wanda ya bar abin da ya ɗebo yadda ya same shi.

Haka kuma na gane cewa su ma waɗannan magabata an yi musu gyara. East ne ya tace rubuce-rubucen kafin a buga su. A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya ya zauna tare da shi don aikin Magana Jari Ce, kuma a littafin tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya shirya aka buga a 1989, Imam bai ɓoye irin abin da ya koya a wurin East game da dabarun rubutu ba. Daga wannan zama ne hanya ta buɗe har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. In har mai Ruwan Bagaja ya zauna an duba masa aiki, to ni wane ne da zan yi fushi da jan biro?

Na miƙa wa Malam takarda ta uku. Bayan mako guda ya mayar mini. Jan biron dai yana nan, sai dai ya ragu. A ƙarshe ya rubuta: "Yanzu ka fara. Amma ka yi maganar tarihi da zubi, ka manta da harshe. Ina misalan sarrafa harshen da ka ce ya gwanance a kai?" Gaskiya ce kuwa. Na yabi Hausar Imam shafi guda ban kawo jimla ɗaya tasa na feɗe ba. Wannan gyara na huɗu shi ne nake fatan ya zama kundin digirina.

Kammalawa

Gasar 1933 ba ita ce ta ƙarshe ba. Kamfanin NNPC na Zariya ya shirya wata wadda ta haifar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda aka buga a 1980. Wata kuma ta gwamnatin tarayya ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littattafai yana da zamaninsa da dalilin rubuta shi da rijiyar da ya sha, kuma duk ɗalibin da ya hau sharhinsa bai nemi sanin waɗannan ba, zai yi irin ɓarnar da na yi.

Masana irin su Ɗalhatu Muhammad da Abdulƙadir Ɗangambo sun sha wahala wajen daidaita mana kalmomin nazari da Hausa, irin su jigo da salo da zubi da tsari. Amma da yawa daga cikinmu mun mayar da su kamar layu, mu jera su a kan takarda, mu cika ƙarƙashinsu da labarin littafin ko da abin da muka kwafo daga wanda ya riga mu. Ni ma haka na yi. Abin da shekara ukun nan suka koya mini bai wuce abu uku ba. Kada in faɗi abin da ba zan iya nuna inda na samo shi ba. Kada in yanke wa littafi hukunci da wani littafin da ban karanta ba. Kada kuma in sake ba malami labarin da ya riga ni sani, in ce na yi sharhi.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, shawarata ita ce kada ku yar da takardun da aka mayar muku, komai yawan jan da ke jikinsu. Ku adana su, bayan shekara guda ku ɗauko ku karanta. In kun ji kunya, to alama ce kun yi gaba. Takarduna uku suna nan na haɗa su da allura ɗaya, kuma duk wanda ke son ganin su ya same ni bayan taron ƙungiya, in nuna masa har da wadda na rubuta "sata" a ciki.